Yadda Ake Gano Kukan Bak-aksul a Tsohuwar Fijo da Yadda Ake Gyara Shi

Fijo 504 mai dogon baya da mahaifinmu ya bar mana, Allah Ya jiƙansa da rahama, ta fara kuka ne wata la'asar muna dawowa daga Kware. Siririn kuka ne daga baya, kamar iskar hunturu na shigowa ta kafar taga. In na taka totur ya tashi, in na ɗaga ƙafa ya lafa. Na kai ta wani gareji, babu wanda ya hau motar ya saurara, sai kawai aka sauke aksul, wato ƙwaryar giya da ke tsakanin tayoyin baya, aka zare wani siririn washa daga bayan boris (zoben ƙarfen da ke riƙe abin da ke juyawa) aka yar, aka ɗaure noti da dogon bututu wai don ta kama. Mako uku kukan ya koma gurnani, ƙwaryar aksul ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, boris biyu suka ƙone, suka tafi da haƙoran da suka shekara fiye da talatin ba su taɓa ciwon kai ba. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin haƙoran nan da su motar ta fito daga masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma irinsu sun yi wuya a kasuwa yanzu.

Bayan wannan hasarar ne aka haɗa ni da wani dattijon bakanike da muke ce wa Baba. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Ɗana, mi kaj ji? Kwaikwaya min shi da bakinka." Wajensa na koyi abin da zan faɗa a nan, kuma ya shafi duk tsohuwar motar da ke ja da tayoyin baya: 404, 504, 505, Marsandi 200 da 230, da tsohuwar Hilux.

Abin da ke cikin ƙwaryar

Farfela ce ke kawo juyi daga giya zuwa baya. A ƙarshenta akwai ƙaramin giya da ake kira finiyan, shi ke juya babban faifai mai haƙora, wato kirawun. A tsakiyar kirawun akwai wasu 'yan ƙananan giyoyi da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu, don a kwana tayar waje ta fi ta ciki gudu. Boris biyu ne ke riƙe finiyan, wasu biyu kuma na riƙe kirawun hagu da dama. Finiyan ba a tsakiyar kirawun yake zaune ba, ya ɗan sauka ƙasa, shi ya sa haƙoran suke gugar juna da ƙarfi suna juyawa. Kuskuren zama ko na kaurin takarda ne, ya isa ya sa su kuka.

Fara da kunne, a kan titi

Kada ka bari a kwance noti ko ɗaya kafin wannan gwajin. Nemi titi mai santsi kusa da gari, irin Western Bypass ta nan Sakkwato da sassafe kafin manyan motoci su fito. Kwashe duk tarkacen da ke but, jak da sifana da galan, don su ma suna da nasu surutun. Ɗauki mutum ɗaya ya zauna a kujerar baya, shi ne zai gaya maka ko ƙarar daga tsakiya take ko daga gefe. Yi tafiyar minti goma sha biyar tukuna man ya yi zafi, domin mai mai sanyi yana rufa wa aksul asiri.

Daga nan ka kai motar gudun da kukan ya fi fitowa, yawanci tsakanin kilomita 50 da 80 a awa, ka gwada ta hali huɗu. Taka totur tana ja. Riƙe ƙafarka daidai, ba ta ja ba ta ragewa. Ɗaga ƙafa gaba ɗaya tana cikin giya. Sannan ka sa ta a firi ka bar ta ta gangara, amma kada ka kashe inji.

Kukan da ke tashi in ka taka, ya ɓace in ka ɗaga ƙafa, yawanci na haƙora ne: ko sun cinye ta fuskar da ke ja, ko zamansu ya goce, ko sun daɗe suna aiki ba isasshen mai. Wanda ke fitowa in ka ɗaga ƙafa kawai, ya yi shiru in ka taka, mafi yawa boris na finiyan ne suka saki, finiyan yana ɗan matsawa gaba da baya. Wannan shi ne mai arahar gyara in an kama shi da wuri, kuma shi ne mai cinye haƙora in an ce bari sai bayan Sallah. Gurnani mai kauri da ke nan a kowane hali, har a firi, yana ƙaruwa da gudu, to boris ne, ko na kirawun ko na taya. Boris na finiyan sautinsa ya fi siriri, kusan fito, don finiyan yana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

Don ka raba boris na taya da na ciki, karkata sitiyari a hankali hagu da dama inda titi ba kowa. In ka karkata hagu nauyi yana komawa dama. In gurnanin ya ƙaru a lokacin, boris na tayar dama ne, in kuma sai ka karkata dama ya ƙaru, na hagu ne. In bai damu da karkatawa ba, ciki yake. Ranar da muka gwada motar wani abokina da aka riga aka yanke wa kuɗin sabon aksul, Baba yana kujerar baya, karkatawa biyu ya ce, "Tsaya. Wanga kuka ba na haƙori ba na, na boris na." Boris ɗin taya ɗaya aka canza, aka wuce wurin.

Akwai kuma ƙarar bugu. In ka ji "gwaf" sau ɗaya lokacin da ka saki kuloci ko ka sa ribas, wasa ne ya yi yawa a wani wuri: kuros, wato gaɓar farfela, ko robobin da ke riƙe aksul, ko haƙoran shaf, ko tazarar kirawun da finiyan. In ƙwas-ƙwas ne mai bin juyin taya, sau ɗaya a kowane zagaye, haƙorin kirawun ya karye. In ya fi haka sauri, na finiyan ne. Wanda kuma ba ya fitowa sai a kwana mai tsanani, kamar kana juyawa a shataletale, ƙananan giyoyin tsakiya ne ko washoshin bayansu.

In ka canza giya kukan ya canza murya alhali gudun motar bai canza ba, to ka bar aksul ya huta, matsalar tana gaba, a akwatin giya.

Kori masu kwaikwayo

Taya na iya yin kukan da za ka rantse aksul ne. Bambancinsa, yana canzawa in ka sauka daga kwalta zuwa ƙasa, kuma ba ruwansa da totur. Shafa tafin hannunka a kan tayar, in ka ji ta yi tudu da kwari kamar haƙoran zarto, musanya na gaba da na baya ka sake gwadawa. Duba kuma ko tayoyin baya girmansu ɗaya. Mu nan mun saba sayen taya ɗaya-ɗaya gwargwadon aljihu, amma in ɗaya ta fi ɗaya girma, ƙananan giyoyin nan ba sa hutawa ko a miƙaƙƙen titi. Leƙa salansa ko tana taɓa jikin mota, ka girgiza shokazoba.

Sai ɗaga mota. Ka tokare tayoyin gaba, ka ɗora bayan a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙwari. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sallama. Kama kowace taya sama da ƙasa ka jijjiga, sannan ka juya ta da hannu kana saurare. In farfelar motarka a fili take, murɗa ta gaba da baya, ka tura bakin finiyan sama da ƙasa. Ko ɗan motsi ka ji a nan, boris sun saki. Fijo da yawa farfelarsu a cikin bututu take, ba ka ganinta, don haka sai dai ka sa giya ka juya taya ka ji yawan wasan. Masu son su tada inji su saurara da doguwar sukurdireba a kunne, su ɗaga tayoyin duka biyu, su yi a hankali, a kuma sami mutum a kan birki. In taya ɗaya ce a sama, tana gudun ninki biyu na abin da agogon gudu ke nunawa.

Man aksul ba ya ƙarya

Kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa. In ka fara tsiyayewa sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna ke nan. Sa yatsa a ramin: man ya kamata ya kai daidai leɓen ramin na ƙasa, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Sannan ka tsiyaye shi a farin kwano mai tsabta, ka fita da shi rana ka duba.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ba laifi ba ne, sinadarin farar wuta ne da ke cikin man. Abin tsoro shi ne warin ƙuna da baƙi ƙirin. In man ya yi kama da kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma haka na faruwa ga wanda ya ratsa ruwa da damina aksul na da zafi: ƙarfen ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta 'yar kafar numfashi da ke saman aksul. Notin tsiyayewa da yawa suna da maganaɗisu. Laushin gari mai kama da kwalli a jikinsa ba komai ba ne, tsufa ne. Gutsattsari masu kama da tsakin gero da kake ji a yatsa, ƙarfe ne ke ɓarewa daga boris ko haƙori, ba makawa sai an buɗe. Ƙyalƙyali ruwan zinari kuma daga washoshin tagulla yake. In sabuwar saye ce ka tarar da giris mai kauri ko garin katako a ciki, mai sayarwa ne ya toshe mata baki don kada ta tona shi.

Ita wannan kafar numfashi, a goge ta. Ƙurar hunturu tana toshe ta, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 ya kumbura iskar ciki, sai man ya nemi hanya ta sil, robar da ke hana shi zuba. Da yawa daga cikin aksul da suka mutu a garin nan daga nan mutuwarsu ta faro: sil ya yi ta ɗiga, mai mota bai lura ba, ga buhunan albasa an lafta har rufi.

In man kawai ya yi ƙasa, ba gutsattsari, zuba sabo ka sake gwajin titi. Man giya mai lamba GL-5 ake sawa, 80W-90, ko 85W-140 ga mai ɗaukar kaya a zafinmu. Aksul na 504 yana shan lita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Baƙin man inji ba ya aikin nan ko kaɗan. Masu tsohuwar 404 su yi hattara: da yawansu aksul ɗinsu wani iri ne daban, mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juya faifan tagulla, kuma man GL-5 yana cin tagulla. Su nemi wanda littafin motar ya ambata.

Auna kafin ka kwance

Nan ne aka cuce ni, don haka nan zan fi jan kunne. Da an sauke aksul an buɗe shi, kafin a taɓa komai, a wanke haƙora da kananzir a auna tazarar da ke tsakanin kirawun da finiyan. Ana riƙe finiyan kada ya motsa, a kafa agogon awo mai allura a kan haƙorin kirawun, a girgiza kirawun ɗin gaba da baya. A auna wuri uku ko huɗu a zagayen, a rubuta. A yawancin motocin nan tazarar tana tsakanin milimita 0.10 da 0.20, kaurin takardar rubutu ɗaya ko biyu ke nan. In garejin ba su da agogon, masu injin sassaƙa ƙarfe suna da shi, a ɗauki aksul a Keke Napep a kai musu. Bakaniken da ya ce hannunsa ya ishe shi awo, ɗauke kayanka ka yi gaba.

Dalilin rubutawa: haƙoran da suka shekara talatin tare sun saba da juna a wannan zaman. In za a mayar da su, a tazarar da aka same su za a mayar, in dai ba ta wuce hankali ba. Wanda ya matse tsofaffin haƙora zuwa awon sababbi, kuka zai saya.

Sa alama da ɗan bugun ƙusa a kan murafun boris, wanne ne hagu wanne ne dama, da yadda kowanne ya fuskanta. Siraran washoshin daidaitawa, waɗanda ake kira shim, a ɗaure na kowane gefe da waya daban a rataye. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. A shimfiɗa kwali mai tsabta, kada a zube kayan a ƙasa, don yashi ƙwaya kaɗan a cikin boris ya isa.

Duba boris a haske. In zoben ya yi ramuka-ramuka, ko ya yi shuɗi, ko ka juya ka ji yana cije-cije, ya gama. Ni dai ina ganin in an riga an buɗe, a canza duka huɗun da sil, kowanne da sabon zobensa. Haƙora kuma, santsi mai sheƙi lafiya ne. Bakin da ya yi kaifi kamar wuƙa, ko fuskar da ta ɓaɓɓare, ko zane mai zurfi, ba sa gyaruwa.

Wajen sayen kaya

Kirawun da finiyan tare ake haihuwarsu. A masana'anta ake goga su da juna, a buga musu lamba ɗaya. In ka shiga wajen masu kayan Beljiyam a J. Allen, duba lambar a jikin duka biyun, kada ka yarda a haɗa maka na wannan da na wancan komai arahar. Ƙirga haƙora kuma: 9 da 35 suna ba da 3.89, 9 da 37 suna ba da 4.11. In ka sa wanda ba irin naka ba motar za ta tafi, amma agogon gudu zai yi maka ƙarya, jan motar ma ya canza. Sau da yawa sayen ƙwarya sukutum mai lafiya ya fi sauƙi, muddin an bar ka ka buɗe ka gani kafin ka biya. Boris kuwa, tafi da tsohon a hannu, a sayi mai lamba ɗaya daga kamfanin da aka sani irin SKF ko Timken, ka lura da jabu.

Haɗawa da daidaitawa

Abu uku ake daidaitawa, kuma a jere suke: zurfin finiyan, tsaurin boris, sai tazara.

Zurfin finiyan shim ɗin da ke bayan kansa ko bayan zoben boris ne ke tsayar da shi. Fara da tsohon shim ɗin. Sabon boris a ɗumama shi a cikin mai mai zafi, kada ya wuce digiri 120, zai zauna ba dukan guduma. Wutar walda ba ta zuwa kusa da shi. Kirawun ma in za a ɗora sabo, ruwan zafi ya isa, a goge bayansa tas, a ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan da maganin hana kwancewa.

Tsauri shi ne yadda boris biyu na finiyan suka rungumi juna. Ya kamata finiyan ya juya da ɗan nauyi mai santsi, ba wasa ko kaɗan, ba cijewa. Ga yadda Baba ke aunawa: ya naɗa zare mai ƙarfi a kan wani abu mai zagaye da aka kafa a bakin finiyan, wanda daga tsakiyarsa zuwa gefe santimita 5 ne, ya ja da sikelin rataye irin na masu kifi. Ana karantawa yana cikin juyawa, ba lokacin da zai tashi ba. A motoci da yawa sababbin boris suna nuna kilo 3 zuwa 5, tsofaffi kusan rabin haka, amma in kana da littafin motarka, shi ne alƙali. Wasu aksul da shim ake daidaita tsaurin, a rage kauri tsauri ya ƙaru. Wasu kuma suna da ɗan bututu mai lanƙwashewa in ana ɗaure noti. Mai irin wannan, in ɗauri ya zarce ba a sassautawa, sai dai a sa sabon bututu a faro daga farko.

Sai a zaunar da kirawun. Ana matsar da shi kusa ko nesa da finiyan ta hanyar shim na gefe, ko manyan notoci masu zare a wasu motocin. Abin da ka rage a hagu ka ƙara shi a dama, don tsaurin boris ɗinsa ya tsaya yadda yake. A ɗaure murafu, a sake aunawa.

Yanzu a duba sawu. Shafa shuɗin awo, ko garin fenti da aka kwaɓa da ɗan man giya, a haƙora huɗu ko biyar, fuska biyu. Wani ya danne kirawun da katako don ya yi nauyi, kai kuma ka juya finiyan gaba da baya. Inda fentin ya goge, nan haƙoran ke haɗuwa. Sawu mai kyau yana tsakiyar haƙori, dogo kamar ƙwallon dabino, ya ɗan karkata wajen siririn ƙarshen ciki, bai taɓa kai ba bai taɓa gindi ba. In ya hau kan haƙori, finiyan bai shiga sosai ba, a ƙara kaurin shim ɗin zurfi. In ya nutse gindi, ya shige da yawa, a rage. In ya taru a ƙarshen ciki, a ɗan nisanta kirawun. In ya gudu ƙarshen waje mai faɗi, a matso da shi. Duk lokacin da aka taɓa zurfi, tsauri da tazara sun canza, sai an sake su. Namu sai da muka haɗa muka kwance sau huɗu, daga hantsi har aka kira la'asar, Baba bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. A tsofaffin haƙora fuskar da ke ja ta yi santsi har sawun ba ya fitowa sosai, don haka a fi dogara da ɗaya fuskar.

A sa sabon sil da ɗan giris a leɓensa, sabon fakin na tsakanin murfi da ƙwarya, a mayar da aksul, a zuba mai har ya fara dawowa ta ramin.

Kwanakin farko

Fita ba kaya, ka yi kilomita 20 zuwa 30 a hankali, ka tsaya ka kusanta bayan hannunka da ƙwaryar. Ɗumi mai ƙarfi ba laifi. In ka ɗiga ruwa ya yi cuu, ko zafin ya taru a wuyan finiyan, tsauri ya yi yawa, koma gareji a ranar. Bar ta ta huce sarai kafin fita ta biyu. Kilomita 800 na farko kada a lafta mata kaya, kada a kama doguwar hanya da gudu ɗaya. In tsofaffin haƙora aka mayar, wani ɗan siririn sauti yana iya saura a wani gudu, muddin ba ya ƙaruwa mako zuwa mako a bar shi. Da ta cika 800 a tsiyaye man tana da zafi, a duba maganaɗisun a rana, a goge shi, a zuba sabo.